Shekarar da Na Juya Hoton Lawali

Akwai wani labari da ke yawo a Talata Mafara, kuma ina so in gyara shi tun ina da sauran numfashi. Ana cewa wai wani malami ne a Maradun aka nuna masa a mafarki cewa ƙarfin ɗan'uwanku Lawali a hannun hagu yake. Na ji shi a teburin mai shayi, na ji shi a mota a hanyar Gusau, inda wani fasinja ya juyo yana faɗa mini har launin ragon da aka kai wa malamin. Ban musa masa ba, don wanda ya yi gardama da mai ba da labari a mota shi ne zai sauka da ciwon kai. Amma ku 'ya'yana ne, ku ya kamata ku riƙe gaskiyar. Babu malami, babu mafarki, babu rago. Ni ne, ubanku Bala mai bidiyo, da tsohuwar kwamfutar nan da kuke ta cewa in ba 'yan gwangwan. Ina alfahari da abin, kuma ba zan yi kawaicin ƙarya a kansa ba.

Kun san gidanmu gidan mahauta ne. Fawa muka gada, dambe kuwa ɗan'uwan fawa ne, ba a raba su. Kakanku ya yi, yayana Ummaru ya yi har ya shafe sunan kakanku. Ni kaɗai na fito daban. Ranar da aka fara miƙa mini wuƙa in yanka akuya, akuyar ce ta tsaya a kan ƙafafunta, ni na faɗi. Inna, mahaifiyarmu, ta ce a bar mata autanta ya nemi sana'ar da ba a zubar da jini. Na bi wani mai ɗaukar hoto, daga nan na koma bidiyon biki da suna, a ciki na tsufa. Lokacin da na fara riƙe kyamarar nan mai kaset da ake ɗorawa a kafaɗa, abin da na fara ɗauka ba amarya ba ce, damben Yaya Ummaru ne a Bakura, lokacin kaka. Ana ganinsa ya miƙa hagu a buɗe yana auna mutum, dama a ɗaure da ƙyalle da zare tana jira a baya, sai kawai ka ga abokin karawarsa a kwance. A dambe in ka kai mutum ƙasa sai a ce ka yi kisa. Wannan kaset shi ne kaɗai hoton Yaya mai motsi da aka taɓa ɗauka, shi ya sa da zamani ya juya na kwashe shi na zuba a kwamfuta.

Lawali shi ne ɗan farin Yaya. Ya tashi dogo, ƙirji kamar ƙofar zaure, duk wanda ya gan shi sai ya ce gidan nan ya sake samun magaji. Da ya isa shiga fage, Yaya ya zaunar da shi ya yi masa tsaga da aska a damtsen dama, ya goga masa maganin da kakanku ya goga masa, wanda shi ma daga hannun nasa uban ya karɓa. Ku 'yan zamani kuna iya murmushi, amma a wurinmu wannan ba wasa ba ne. Gadon gida ta hannun dama yake bi, daga damtse zuwa damtse. Sai ga Lawali ya shiga fage yana faɗuwa. Ya faɗi a Morai, ya faɗi a Jangebe, ya zo gida gaban 'yan unguwa ya faɗi. Kuma ba tsoro ba ne, don bai taɓa ja da baya ba, shi yake bin mutum. Zai kai naushi, naushin ya tafi a banza, kafin ya dawo an same shi. Mutane suka fara cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba, wasu a ɓoye, wasu a bakin rumfar naman Yaya suna jiran a auna musu. Lokacin idon Yaya ya riga ya fara dushewa saboda bugun da ya sha a ƙuruciya, amma kunnensa lafiya lau.

Ina rumfar wata ranar Talata, kasuwa ta cika, Lawali yana sara ƙashi a kan kututture da kumburarren leɓe, Yaya ya ajiye wuƙa ya ce masa:

"Ɗiyan mutane na shiga hwage su tashi da suna, kai kana tashi da ƙasa ga baki. Abin da ubana yab ba ni na ba ka. In bai kama ka ba, to jinin ne bai kai gare ka ba."

Lawali bai ɗaga kai ba, ya ci gaba da sara. Ni ne na ji maganar ta soke ni, don na san Yaya bai auna nauyinta ba, shi kuma yaron ya auna.

Bayan kwana kaɗan Lawali ya same ni a shago. Ya gaishe ni, ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya zauna yana kallon ƙasa.

"Baffa, sallama niz zo yi. Abokaina za su tahi haƙar zinari can bayan Maradun, da su za ni."

Kun san abin da wannan yake nufi a shekarun nan. Rami yana rufta wa mutane, wanda rami ya bari kuma 'yan bindigar daji ba su bar shi ba. Samari nawa muka ga tafiyarsu ba mu ga dawowarsu ba.

"Ubanka ya sani?"

"Shi da yac ce jininai bai kai gare ni ba, mi zan gaya mai?"

Na ce ya ba ni lokaci har a yi shuka, akwai abin da nake so in duba. Gaskiya lokacin da na faɗa ban san abin da zan duba ba, riƙe shi kawai nake so in yi. Ya amsa don kunyata, ba don ya yarda ba.

A aikinmu na biki akwai wata dabara. Ango yana gidansu da maza, amarya tana nata gidan da mata, ba mai ganin wani, amma a bidiyo ana so a gan su tare. Sai mu raba fuskar kwamfuta biyu, ango a gefe, amarya a gefe, suna murmushi lokaci ɗaya kamar sun haɗa baki. Na yi wannan ya fi a ƙirga. Sai na ce bari in yi wa Yaya da ɗansa haka. Duk damben Lawali ina da shi, don ba wanda na bari ya wuce ni. Na sa uban a gefe ɗaya, ɗan a ɗaya gefen. Wahalar ita ce su tashi tare. In ɗaya ya riga ɗaya ko da ƙiftawar ido ne, ba abin da za ka gane, ido sai ya yi ta tsalle tsakaninsu. Na gwada haɗa su daga fitar hannu, bai yi ba. Na zauna ina kallon Yaya a hankali, hoto bayan hoto, har na lura naushinsa ba daga hannu yake farawa ba. Dudduge na baya yake fara ɗagawa, sai ƙugu ya juya, sai kafaɗa ta biyo, hannu shi ne na ƙarshe, kamar baƙon da aka shirya wa komai kafin ya iso. To sai na ɗaure su biyun a kan dudduge. Abin da na gani bai yi mini daɗi ba. Lawali hannu yake fara jefawa, ƙafarsa a manne da ƙasa, ƙugu kuma sai an gama komai yake tunawa ya juya. Na sa na Morai, haka. Na sa na Jangebe, haka. Ashe duk wahalar da na sha hujja kawai na haɗa wa maganar Yaya.

Rashin kashe hoton da wuri ne ya taimake ni. Na jingina ina tunanin abin da zan faɗa wa yaron, bidiyon yana ci gaba da tafiya a hankali. Bayan naushin dama ya wuce a banza, jikin Lawali ya karkace, hagu ta koma baya. Abokin karawarsa ya matso zai gama da shi, sai Lawali ya ture shi da tafin hagu don ya samu sarari. Turewa ce kawai, hannu a buɗe, amma mutumin sai da ya yi taga-taga ya kusa zama. Na koma na duba sauran, a kowane dambe akwai wannan turewar, kuma ba wanda ya taɓa kula da ita, don a fage kowa hannun da aka ɗaure yake kallo.

Akwai wani maɓalli da nake amfani da shi kusan kullum. In 'yan biki suka ɗauki kansu da waya suka turo mini, hoton yakan zo a juye, sai ka ga amarya tana karɓar kyauta da hagu, ango yana cin abinci da hagu. Wata uwar amarya ta taɓa zuwa har shago ta ce na zubar wa 'yarta mutunci. Tun daga nan nake juya irin waɗannan hotuna kamar a madubi, hagu ta koma dama. Na danna wa Lawali wannan maɓallin. Na ɗaure turewarsa da naushin ubansa a kan dudduge, na sake su tare. Dudduge biyu suka ɗaga tare, ƙugu biyu suka juya tare, kafaɗa, hannu, har yadda suke sunkuyar da haɓa. Na tashi na zagaya shagon, na dawo na sake kallo, in tabbata ba so ne ya rufe mini ido ba.

Ban nufi Yaya ba, wurin Inna na nufa. Ita ta reni Lawali, kasancewar ɗan fari ne uwarsa tana kunyarsa. Na same ta a inuwa tana tsinke zogale, ta tsufa ƙwarai amma bakinta bai tsufa ba.

"Inna, Lawali da wane hannu yaf fara cin tuwo?"

"Bahago na mana. Ubanai na can yawon dambe garuruwan mutane, ni ad da shi. Sai da nik karya ludayi bisa wanga hannu kahin ya koma dama."

"To don mi ba ki taɓa hwaɗi ba?"

"Wa yat tambaye ni? Na gyara mai hannu don tuwo da gaisuwa, Auta, ban gyara mai don dambe ba."

Ta ci gaba da zogalenta. Har ta koma ga Allah ba ta ga laifinta ba, ni ma ban gani ba.

Saura Yaya. Na san shi tun ina rarrafe. Da na je na ce masa ɗanka bahago ne, ka ɗaure masa hannun da ba shi ba, da ya kore ni da wuƙar fawa a hannu. Gani ya kori ji, amma shi sai an san yadda aka nuna masa. Sai na cire launi daga hoton Lawali ya koma fari da baƙi, na rage hasken na Yaya su yi daidai, na yanke 'yan kallo, na bar mutum biyu kawai ana hango su daga baya. Bayan la'asar na ɗauki kwamfutar na shiga gidansa. Yana kan tabarma a tsakar gida, Inna tana gefe, matarsa tana bakin murhu, Lawali ya jingina da bango.

"Yaya, na samu hoton wani ɗan dambe, an ce salonku guda. Na haɗa ku wuri ɗaya. Duba ka hidda min kanka."

Ya yi dariya.

"Ko ido ya mutu ba ni ɓace ma kaina. Kawo."

Ya kawo fuskarsa dab da gilashin. Na sake su a hankali. Ya ce in maimaita, na maimaita. Sai ya ɗora yatsa a kan Lawali.

"Wanga ni na. Dubi dudduge, dubi ƙugu. Wancan ma ya iya, ba laihi, amma ya ɗan yi nauyi."

Ya sake matsowa, ya yamutsa fuska.

"Amma mi yas sa hannuna buɗe? Ban taɓa bugun mutum ba ɗauri ba."

Na mayar da launin, na juya hoton ya koma yadda aka ɗauke shi. Ga Lawali da jan wandonsa, ga dama a ɗaure tana lilo a banza, ga hagu tana aikin. Matarsa ta daina fifita wuta. Inna ce ta faɗa masa maganar ludayi, ba tare da ta sassauta ko kalma ɗaya ba. Yaya ya juyo gare ni.

"Bala, ka sa na yabi wani bisa kaina, gaban uwata da matata."

"Ba wani na ba, Yaya, ɗanka na."

"Kana nuhin abin da ubanmu yab bar muna, ga hannun banza niz zuba shi?"

"Ni dai abin da nig gani na nuna maka."

Ya tashi ya kaɗe rigarsa. Bai kalli Lawali ba, amma da shi yake.

"Hannunai na, ya yi yadda yag ga dama. Amma zarena ba ya hawa hagu, askata ba ta taɓa hagu."

A nan ne na yi abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni, na tsallake maganar yayana. Na kira Lawali shago na ce ya ɗaure hagu, ni na tsaya masa. Ba kyauta na yi wannan ba. Tun da na yi aure, kowace Talata Yaya yana aiko wa gidana da hanta da ƙoda, ba don ba ni da abin saya ba, don a san ni ƙanensa ne. Talatar da ta biyo baya ba a aiko ba, kuma ba a sake aikowa ba har ya rasu. Muna gaisawa, muna sallah sahu ɗaya, ya zo sunan wasunku, amma wannan ƙullin naman ya tafi ke nan. Ya yi mini ciwo, har yau in na tuna yana yi. Da za a mayar da ni ranar, abin da na yi zan sake yi.

Aka yi shuka, abokan Lawali suka tafi bayan Maradun ba tare da shi ba. Ɗaya daga cikinsu har yau uwarsa ba ta san inda kabarinsa yake ba. Shi kuwa Lawali muka rataya masa buhun yashi a dogonyaron bayan shagona. Duk daminar nan yana bugu ina ɗauka, mu shiga ciki in juya hoton in jera shi da na ubansa, ya ga inda ya kauce ya fita ya gyara. Naushin yana nan tun asali, tsayuwar ce sai da ya koya daga farko, don ƙafafunsa sun saba da ta dama. Ni da ban taɓa dukan ko kaza ba, ga ni ina koyar da dambe. Masu wucewa suna dariya, ina jin su, ban kula ba.

Da kaka ta yi aka buɗe fage a Bakura. Yaya bai je ba. Wani tsohon ɗan dambe na can ne ya ɗaure wa Lawali hannu, yana ɗaurewa yana duba damtsen yana girgiza kai, don fatar sumul take, ba tsaga ko ɗaya. Maganar ta zagaya fage kafin kalangu ya tashi, cewa ɗan Ummaru ya shigo da hannu tsirara. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. In ya faɗi yau, ya rasa uban, ya rasa damben, kuma na san hanyar da zai bi gobe, ni ne kuma na kawo shi nan. Wanda aka haɗa su gajere ne mai kauri, ya taɓa kashe Lawali a Morai. A turmin farko ya sami Lawali a baki, jini ya zubo masa har ƙirji. Na ji jiri yana ɗibata, na cije, na ƙi sauke kyamara. A turmi na biyu mutumin ya matso da gadara, yana ganin ya san abin da zai biyo baya. Ni ba hannu nake kallo ba, dudduge nake kallo. Na ga ya ɗaga. Kafin ihu ya tashi na riga na san an gama.

Washegari da hantsi na tafi wurin Yaya. Na shirya masa abin da nake ganin zai faranta masa rai: kisansa na Bakura a gefe, kisan Lawali na Bakura a gefe, na juya na Lawali don su tashi tare su sauka tare. Na same shi a zaure shi kaɗai. Muka gaisa doguwar gaisuwa, gajiya, iyali, kasuwa, kamar waɗanda suka shekara ba su haɗu ba. Sannan ya ce:

"An ce ya yi kisa."

"Ya yi, Yaya."

"Kawo in gani."

Na buɗe na ajiye masa a kan gwiwa. Ya kalla har ƙarshe, mutum biyu suka faɗi lokaci ɗaya.

"Wanga juyayye na?"

"Juyayye na, don ku yi daidai."

"Mai da shi yadda Allah yay yi shi."

Na mayar. Yanzu uban yana bugu ta dama, ɗan yana bugu ta hagu, kowa ya fuskanci nasa gefen. Ya kalla, ya ɗora yatsa a kan nasa hoton.

"Ni kau ɗebe ni daga gehen nan. Na tsare mai rabin wuri."

Na cire shi. Lawali ya cika fuskar kwamfutar shi kaɗai, da hagunsa, da jinin a ƙirjinsa. Yaya ya matso har numfashinsa yana taɓa gilashin, ya ce in sako masa daga farko.